An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Fatawar Man Giya Mai Kauri

Na karanta maƙalar da wani malami daga cikin ma'abota wannan shafi ya rubuta a watan da ya gabata game da riƙon tsohuwar mota, na kuma maimaita karanta ta har sau uku, domin kada in yi wa bawan Allah martani a kan abin da bai faɗa ba. Da yake mutum ne mai zaƙin alƙalami, wanda kuma a bayyane yake yana ƙaunar waɗannan tsofaffin ƙarafa kamar yadda nake ƙaunarsu, na so ƙwarai in yi shiru in bar maganar ta wuce. Amma da na ji wani saurayi a unguwarmu, wanda ya gāji motar kakansa, yana aika yaro ya sayo masa mai lamba 140 zai ɗura a giya mai sarrafa kanta, yana kafa hujja da waccan maƙala, sai na ga shiru ya zama cin amana. Taƙaitaccen abin da Malam ya tafi a kai shi ne cewa tsohuwar giya, kowace iri ce, ba ta son komai sai mai mai kauri, cewa jan man nan na zamani da ke tsinke kamar ruwa shi ne ummul haba'isin duk wani yoyo, kuma wanda motarsa ta fara ɗiga ya zuba mata kwalbar maganin toshe yoyo, ya bar tsohon man da ke ciki kada ya kuskura ya juye shi. Allah ya gafarta Malam, akwai gaskiya a gefen maganar, zan kuwa ba shi haƙƙinsa idan na iso wurin, amma ginshiƙinta a karkace yake.

Ni ba bakanike ba ne, malamin makaranta ne da ya ajiye alli. Sai dai Peugeot 504 ɗin da mahaifina ya bari, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, tana hannuna har yau, akwai kuma Mercedes-Benz 230E ta 1982 mai giya otomatik da na saya da kuɗin sallama, kuma na kwanta ƙarƙashinsu a kan buhu sau da yawa fiye da yadda iyalina suke so.

Asalin kuskuren Malam ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi mai daɗin ji, shi ya sa yake da haɗari. Ya dubi ƙwarya mai tsaga, ya ga idan an zuba mata ruwa nan take take tsiyayewa, idan kuwa kunu mai kauri aka zuba sai ya daɗe bai fita ba, sai ya ɗauki hukuncin ƙwarya ya ɗora wa giya. Malaman usulu kuwa sun sharɗanta cewa kafin a ɗauki hukuncin wani abu a ba wani, sai illar da ta haɗa su ta zama guda, in ba haka ba ƙiyasin ya zama abin da suke kira ƙiyasi ma'al fariƙ, wato gwada abubuwa biyu da ke da bambanci a daidai wurin da ake gwada su. Ƙwarya ma'aji ce, aikinta kawai ta riƙe abin da aka zuba mata. Giya kuwa ba don ta adana mai aka ƙera ta ba, man ne ma'aikaci a cikinta, shi ke shiga tsakanin haƙori da haƙori, shi ke kwashe zafi, a wata giyar ma shi ne ke ɗaukar ƙarfin injin baki ɗaya ya miƙa wa ƙafafu. Wanda ya zaɓi ma'aikaci don kawai ba ya iya fita ta ƙofa, bai tambayi ko ya iya aikin ba, lalle ya shirya wa kansa asara.

Kuma ina ma amfanin ƙiyasi a wurin da nassi yake? Kowace mota ta zo da littafinta daga waɗanda suka ƙera ta, kuma idan Malam ya ɗauki motoci uku kacal daga cikin waɗanda suka cika titunanmu a zamanin da muke samari, zai tarar da hukunci uku mabambanta a kan giyar hannu kaɗai. Giyar 504 baƙin mai take sha, irin wanda ake zuba wa injin, lita ɗaya da 'yan kai. Giyar hannu ta Mercedes-Benz ta wancan zamani, wadda direba ke taka kuloci yana sa ta da hannunsa, jan man giya otomatik aka rubuta mata, wannan dai tsinkakken da Malam ya ɗora wa laifin duniya. Volkswagen Beetle kuwa, mai siffar kunkuru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas, ita ce a cikin ukun ke son man giya na ainihi mai lamba 80 ko 90, domin ita giyarta da haƙoran da ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya a gida ɗaya suke zaune, mai ɗaya suke ci. To, a cikin waɗannan uku wace ce tsohuwar motar da fatawar Malam ta nufa?

Akwai ma wani ruɗu a cikin lambobin kansu wanda ya daɗe yana yaudarar mutane, har da kanikawa masu furfura. Jama'a na ɗauka mai lamba 90 ya ninka mai lamba 40 kauri fiye da sau biyu, alhali kuwa ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai, an raba lambobin ne da gangan don kada a rikita su a kanti, kuma idan duka biyun suka ɗauki zafi, man giya 90 bai wuce kaurin baƙin mai 40 ko 50 ba. Abin da ya fi raba su shi ne sinadaran da aka zuba a ciki. Man da aka rubuta wa GL-5, wanda aka yi domin haƙoran aksul na baya masu gugar juna da matsanancin nauyi, cike yake da farar wuta, ita ce ke ba shi wannan wari na ruɓaɓɓen ƙwai da ba ya fita daga riga. A cikin giyar hannu kuwa akwai zobba na tagulla, waɗanda aikinsu shi ne su kama su daidaita gudun haƙora kafin su shiga juna, kuma irin wannan mai yakan yi musu santsi fiye da kima, a tsofaffin haɗe-haɗensa ma yakan ci tagullar a hankali idan zafi ya yi yawa. Shi ya sa ake neman GL-4 ga giyar da ke da irin waɗannan zobba. Duk wanda ya taɓa tayar da mota da asubahin hunturu, ya nemi giya ta biyu ta ƙi shiga sai da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya tambayi abin da aka zuba masa. Sau da yawa zai ji an ce mai kauri aka sa don a rage ƙugi. Tsofaffin direbobin Peugeot 404 za su tuna cewa aksul ɗinta na baya yana da babban haƙori na tagulla, har akwai man da aka haɗa da man zurma musamman dominsa, wanda aka yi gargaɗi kada a gauraya shi da sauran mai. Mutanen da Malam ke jingina maganarsa gare su, wato magabata a sana'ar, sun fi shi tsanani wajen bambancewa.

Idan aka zo ga giya mai sarrafa kanta, a nan ne fatawar ke tashi daga kuskure ta koma ɓarna. Tsakanin injin da irin wannan giya babu kuloci na ƙafa, sai wata ganga mai kama da ƙorai biyu da aka kifa wa juna, a cikinta akwai fukafukai suna fuskantar juna, ɗaya yana watsa mai, ɗayan yana karɓar bugun man yana juyawa, da haka mota ke tafiya. Akwai kuma famfo da ke tura man cikin wani faranti mai ƙananan hanyoyi birjik kamar gidan tururuwa, inda 'yan sanduna masu kaurin fensir ke zamewa gaba da baya suna buɗe wannan hanya suna rufe waccan, kuma matsin man ne ke damƙe faifan kuloci na ciki a duk lokacin da giya za ta canja. Mai mai kaurin zuma ba zai ratsa waɗannan hanyoyi a kan lokaci ba, famfo zai yi ta jan iska yana kuka, faifan za su kama rabi-rabi suna zamewa, zamewa kuwa zafi take haifarwa, zafi kuma shi ne ajalin wannan giya. Yoyon zai ragu, wannan gaskiya ne, kamar yadda tari ke barin wanda numfashinsa ya tsaya.

Tarihin man ma da kansa shaida ne a kan Malam. Kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, ya kuma kafa ma'aunin mai na musamman da ya kira Type A a 1949, tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan shafi, kuma tun a lokacin tsinkakke ne. Ashe ke nan tsinkewa ba bidi'ar zamani ba ce. A 1967 General Motors ya fito da Dexron, Ford kuma ya fito da Type F, kuma ga abin lura: duka biyun ja ne, kaurinsu kusan ɗaya, idan aka zuba su a kofi biyu babu idon da zai raba su, amma Dexron an sa masa abin da ke sa kuloci ya kama a hankali cikin laushi, Type F kuwa ba a sa masa ba, kamunsa na farat ɗaya ne. Zuba Dexron a tsohuwar giyar Ford da aka yi domin Type F yakan sa ta zamewa, zuba Type F a giyar da aka yi domin Dexron yakan sa ta fizga kamar doki ya ji ƙaimi. Da kauri ne illar hukunci, da waɗannan biyu sun zama abu guda. (Wani abin mamaki, a bisa hanya: man farko-farko har da kitsen wata babbar dabbar teku a cikinsa, wadda Larabawa ke kira hutul anbar, sai da Amurka ta hana amfani da shi a farkon shekarun 1970 aka nemi madadinsa, aka fito da Dexron II a 1973. Mai kewar man dā na asali, ya san abin da yake kewa.)

Yanzu ga haƙƙin Malam. Gaskiya ne Dexron VI, wanda ya fito a 2005, ya fi na gabaninsa tsinkewa, kuma ni kaina ba na zuba shi a 230E, domin giyar da ta yi shekara arba'in tana aiki ta saki jiki, ratar da ke tsakanin sassanta ta ƙaru, ta fi jin daɗin irin kaurin da aka auna ta da shi tun farko, wato na Dexron II ko III. Tun ƙarshen 2006 General Motors ya daina ba da lasisin Dexron III, amma masu yin mai suna ci gaba da yin irinsa, sai dai wannan ya ɗora wa mai saye nauyin ya nemi galan rufaffe daga hannun wanda ya amince da shi, ya guji wanda ake aunawa a kwalbar da babu ko takarda a jikinta. Amma fa tazarar da ke tsakanin Dexron III da VI tazarar shayi ce da shayin da aka ƙara wa madara. Ba ita ce za ta halatta tsallakawa zuwa 140 ba.

Batun yoyo kuwa, Hausawa sun riga sun yanke shi da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai ba ya huda ƙarfe, ba ya yaga roba. Hanya yake samu ya bi. Robar da ke rungume da sandar da ke juyawa, wadda kanikawa ke kira oyil sil, tana da leɓe siriri da wata 'yar waya mai naɗi da ke matse shi, kuma shekaru da zafi sukan busar da leɓen ya ƙandare kamar tsohuwar fata, wani lokaci ma ya ci sandar ya yi mata zobe, ta yadda ko sabon sil aka sa a daidai wannan gurbi zai ci gaba da naso, sai an ɗan gusar da mazauninsa ko an sa wa sandar siririyar riga ta ƙarfe. Sabon mai yakan wanke dattin da ya daskare ya toshe tsagar, sai yoyon da ya daɗe a ɓoye ya bayyana, mai mota ya ce sabon mai ne ya jawo. Wannan kamar a zargi mai shara ne da haƙa ramin da ya tono a ƙarƙashin bola.

Hanyar gano yoyo ba ta bukatar komai sai haƙuri. A wanke ƙasan giyar da kalanzir har ƙarfe ya fito fes, a bari ya bushe, a barbaɗa masa hodar jarirai ko garin alli, a yi tafiyar mil biyar a dawo, sa'an nan a shiga ƙasa da tocila. Man zai zana wa kansa hanya a cikin farin garin, a bi zanen zuwa sama har inda ya faro, domin wurin da yake ɗiga ba safai yake zama wurin da yake fita ba; iska na kora shi baya, nauyi na jan shi ƙasa. Na taɓa biyan kuɗin canja gaskit ɗin kaskon giya har sau biyu a wani gareji, kowane karo yaron ya ƙara ɗaure kusoshin da iya ƙarfin damtsensa har bakin kaskon ya lotsa a gindin kowace kusa, ya kuma lafta masa gam har yana tsattsafowa, alhali gam ɗin da ya tsattsafo waje, irinsa ya tsattsafa ciki yana jiran ya ɓalle ya toshe matata. Ranar da na yi aikin hoda da kaina, sai ga jan layi ya sauko daga can sama, daga gindin bututun da sandar awo ke shiga, inda wata 'yar roba mai kama da zoben yatsa ta tsage. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba.

Akwai kuma 'yar ƙofar shan iska a saman giya, wadda ƙurar hunturu da maiƙo ke haɗuwa su liƙe. Idan ta toshe, giya ta yi zafi, iskar ciki ba ta da mafita sai ta tura mai ta bakin sil, ko da sil ɗin lafiyayye ne. Motar da ake ajiyewa wata da watanni don tsananin so kuwa, man da ke cikin gangar nan yakan koma kasko sannu a hankali har ya haura inda bai saba kaiwa ba, ya sami sandar da ke zaɓen giya ya bi ta gefenta, mai ita ya wayi gari ya ga tabki a ƙasa. Maganin wannan a riƙa tayar da ita ana zagayawa da ita kowane mako. Cikawa fiye da kima ma yoyo ne da mutum ke sayo wa kansa, domin man giya otomatik ana auna shi ne injin na aiki, mota ta yi zafi, tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, kuma tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin sandar bai fi rabin lita ba. Wanda ya auna da sanyi ya yi ta ƙari, man zai yi kumfa ya yi amai ta sama.

Mafi ban tsoro a cikin abin da na gani shi ne yoyon da ba ya taɓa ƙasa. Wata shekara 230E ta fara fitar da farin hayaƙi ta salansa, man giya yana raguwa, amma ƙasan mota a bushe ƙayau. Wani bakanike ya rantse mini ringin fistan ne, a sauke injin. Na kai ta wurin wani dattijo da ya rage aiki saboda ciwon baya, ya saurare ni har na gama, ya ce, Malam, buɗe mini gaban. Ya sa hannu ya zare wani siririn tiyo da ya taso daga jikin giya ya shiga maƙogwaron injin, ya girgiza shi a tafin hannunsa, sai ga jan mai ɗis, ɗis. Ashe akwai wani ɗan gwangwani a gefen giyar mai tantani a ciki, wanda zuƙar injin ke ja don giya ta san nauyin da aka ɗora wa mota. Tantanin ya yage, injin yana tsotsar man giya yana ƙonawa. Ya ce, je ka kasuwar Ƙofar Ruwa ka nemo wannan, ka dawo kafin la'asar. Ina so Malam ya gaya mini wane kauri ne zai ɗinke yagaggen tantani. Haka kuma idan bututun da ke sanyaya man a cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga giya, man ya koma kamar an dama nono da zoɓo, babu kwalbar da za ta yi magani, kuma kowane mil da aka ƙara faifan kuloci ne ke saɓulewa.

Maganin toshe yoyo ban haramta shi ba, amma matsayinsa matsayin larura ne, ita kuwa larura gwargwadonta ake ɗauka. Abin da yake yi shi ne ya kumbura roba ya tausasa ta, saboda haka yana iya taimakon sil ɗin da ya bushe bai tsage ba, ya kai matafiyi gida daga Zariya ko Gusau. Ba ya gyara gaskit na takarda, ko lotsattsen kasko, ko sandar da ta ci. Kuma ba ya zaɓe, duk robar da ke cikin giya zai kumbura, mai ciwo da lafiyayya. Masu zuba man birki a giya don wannan manufa kuwa, sati biyu na farko za su yi ta godiya, daga baya robobin su yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Saura maganarsa ta kada a juye tsohon mai, wadda rabinta daidai ne. Idan man ya riga ya yi baƙi, yana warin ƙuna, aka murza shi a yatsa aka ji gari-gari, to faifan sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo a cikin man ne ke ba su ɗan kamun da ya rage, kuma sabon mai zai tona asirin. Irin wannan giya gyara take jira, ko an juye ko ba a juye ba. Na kuma yarda kada a sa wa tsohuwar giya na'urar da ke tura mai da ƙarfi don wanke ta. Amma giyar da man ta ke ja ko ruwan goro, tana canjawa lafiya, a sauke kaskonta a hankali, a duba abin da ya kwanta a gindinsa, a canja matata da gaskit, a ɗaure kusoshi da tausasawa ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Mercedes-Benz ta wancan zamani har 'yar kusa ta sa a jikin gangar don a juye man da ke cikinta, kuma ba a sa ƙofa a wurin da ba a nufin a buɗe.

Saurayin unguwarmu dai na tare yaronsa a hanya, aka mayar da galan ɗin 140 aka karɓo Dexron III, muka kuma yi aikin hoda ranar Asabar, muka sami sil ɗin baya ne, inda farfela ke shiga. Idan Malam yana da sukuni wata Asabar ɗin, ƙofata a buɗe take, akwai shayi, akwai buhun kwanciya guda biyu. Na shimfiɗa farin kwali ƙarƙashin motocin tun daren Talata, na duba shi yau da safe bayan na dawo daga masallaci: ƙarƙashin giyoyin biyu babu ko ɗigo, sai wani tabo guda mai faɗin kwabo a gaba ta hagun 230E, wanda nake zaton daga akwatin sitiyari yake, shi kuwa ban kai gare shi ba tukuna.